Tsuntsun Da Bai Tsaya Kan Kukan Gidansu Ba

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To, amma a ƙasashen Turai akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai ƙyalli, mai ɗigo-ɗigon fari, wanda ya saɓa wa wannan karin magana. Da Turanci sunansa "starling", kuma dangin shaya ne da tsakwaikwaiwa na ƙasarmu. Yana kwaikwayon kukan sauran tsuntsaye, har da maganar mutane idan an koya masa, tamkar aku. Wannan hali ne ya sa Shakespeare ya ambace shi a wasansa na Sarki Henry na Huɗu, inda wani basarake ya yi barazanar koya wa tsuntsun sunan Mortimer, don ya riƙa maimaita shi ya ƙuntata wa sarki.

Sunan tsoho ne. Da can "stare" ake ce masa, sa'an nan aka liƙa masa "ling", watau ɗafin da ke nuna ƙanƙanta, kamar yadda suke kiran ɗan agwagwa "duckling". Idan kuwa dubbansu suka taru da almuru suna juyi a sama kamar hayaƙi, sai a kira taron "murmuration", saboda gunjin fikafikansu.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya yi hattara, domin kalmar tana da wata ma'ana. A bakin injiniyoyi, "starling" shi ne shingen katako da duwatsu da ake kewaye ƙafar gada da shi don kada ruwa ya zaizaye ta. Tsohuwar gadar London, wadda aka gama a 1209, irin wannan shinge ne ya kare ta fiye da shekara 600. Akawu kuma ya lura: harafi ɗaya tak ya raba tsuntsun da "sterling", sunan fam ɗin Ingila.

Darajar tsuntsun ma ta danganta da inda aka ambace shi. A 1890 wani mutum, Eugene Schieffelin, ya saki kamar guda 60 a birnin New York. Suka hayayyafa suka zama miliyoyi, suna ɓarnar gonaki, suna ƙwace sheƙar tsuntsayen ƙasar. A 1960 garkensu ya shiga injin wani jirgin sama a Boston, jirgin ya faɗi, mutum 62 suka rasu. Saboda haka manomin Amurka in ya ji sunan, annoba ya ji. A Ingila kuwa yawansu ya ragu ƙwarai, har a 2002 aka sa su cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu.

Ashe ke nan buɗe ƙamus kaɗai bai isa ba. Kafin mutum ya fassara kalma, sai ya duba wane ne ya faɗe ta, a wace ƙasa, kuma a kan wace sana'a.