Gyaran Ƙotar Bindigar Farauta da Hikimar Shafa Mata Mai

Gabatarwa

Bindigar farauta ƙarfe ce da itace. Mafi yawan mutane ƙarfen suke kulawa da shi, su manta da ƙotar, alhali kuwa ita ce ke karɓar dukan da bindiga ke yi da baya duk lokacin da aka harba. Ƙotar da ta tsage a wuyanta, wato siririn wurin da hannu ke riƙewa, tana iya karyewa a kafaɗar maharbi ta ji masa rauni. Saboda haka gyaran ƙota ya wuce batun ado.

Asalin sana'ar

Inda wannan sana'a ta fi shahara shi ne birnin Landan na ƙasar Ingila. A can ne James Purdey ya kafa gidan ƙera bindigogi a shekarar 1814, gidan da ake kira Holland & Holland kuma asalinsa ya faro daga 1835. Itacen da gwanayen suka fi so shi ne wanda Turawa ke kira walnat, musamman na Turkiyya da Faransa, domin yana da ƙarfi, ba shi da nauyi ainun, ba ya kuma saurin tsagewa. Akan yanke gungumensa a jingine shi shekaru yana bushewa kafin masassaƙi ya taɓa shi.

Dalilin shafa mai

Itace ko an sare shi bai daina shan laima da fitar da ita ba. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke, kamar yadda ƙofar katako kan ƙi rufuwa a watan Agusta, ta kuma saki a Janairu. Wannan kumburi da tsukewa su ke sassauta zaman ƙarfe cikin ƙota, saiti ya kauce, daga bisani tsaga ta bayyana. Mai yana rage saurin shigar laima da fitarta.

Amma ba kowane mai ne ya dace ba. Man gyaɗa da man kaɗanya ba sa daskarewa, sai dai su zauna cikin itace suna danƙo suna kama ƙura. Man inji kuwa ya fi muni, domin jiƙa itacen yake yi ya baƙanta shi, ya mai da shi laushi. Wanda gwanaye suka dogara da shi shi ne man linsid, da ake matsowa daga irin tsiron da ake saƙa lilin da zarensa. Idan ya haɗu da iskar oksijin sai ya sandare cikin ƙofofin itacen, ya zama busasshiyar fata. Man tung na ƙasar Sin shi ma haka yake yi.

Yadda ake aikin

Da farko akan raba ƙota da ƙarfe, a kankare tsohon shafe, a goge da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, ana bin tsawon jijiyar itacen. Sa'an nan a shafa jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan zai tayar da ƙananan zaruruwa kamar gashi, in sun bushe a share su. Ana maimaita haka har su daina tashi.

Bayan wannan sai launi. Maƙeran Ingila sukan jiƙa saiwar wani tsiro mai suna alkanet cikin man linsid, ya ba ƙota ja-jan nan da aka san bindigoginsu da shi. Daga nan a cike ƙofofin itacen, galibi ta hanyar goga sanfefa mai laushi tare da mai, domin garin itacen ya cuɗu da man ya toshe su.

Mataki na ƙarshe shi ne mai cin rai. Ana ɗiga mai kaɗan a tafin hannu, a murza har itacen ya yi ɗumi, a goge duk abin da ya rage, a bar shi ya bushe kwana ɗaya ko fiye kafin a sake. Wanda ya yi garaje ya malala mai da yawa, ƙota mai danƙo zai samu. Aikin yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Haƙuri, in ji Hausawa, maganin zaman duniya ne, a nan ma shi ne rabin gwaninta. Fifikon wannan shafe a kan banish shi ne, in ƙaya ta karce shi, ɗigon mai da murzar hannu sun isa gyara.

Kammalawa

Abu biyu ya kamata a kiyaye. Na ɗaya, tsumman da ya sha man linsid yana yin zafi yayin bushewa, in aka dunƙule shi aka yar a lungu yana iya kama wuta da kansa. Sai a shanya shi a fili ko a tsoma shi cikin ruwa. Na biyu, kada a cika wa ƙarfe mai sa'an nan a jingine bindiga baki sama, domin man zai gangaro ya jiƙa kan ƙota, daidai inda ake bukatar ƙarfinta. Wanda ya kiyaye waɗannan, ya riƙa ƙara shafe jefi-jefi, bindigarsa za ta kai hannun jikansa da ƙotarta lafiya.