Wanda Ya Sauya wa Kwamfuta Ciki, Shi Ke da Alhakinta

Duk kwamfutar da ke kunne tana fitar da igiyoyin lantarki da ido ba ya gani, kuma idan suka yi yawa sai su dagula rediyo da talabijin na kusa. Shi ya sa hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta kafa ƙa'ida a 1979, ta raba na'urorin gida biyu. Rukunin A na ofis da masana'anta ne, ana auna shi daga nisan mita 10. Rukunin B na gidajen zama ne, ana auna shi daga mita 3, kuma sharaɗinsa ya fi tsauri, domin a unguwa bango ɗaya ne ke raba kwamfutarka da rediyon maƙwabci. Dokar ta yi aiki da gaske: kamfanin Tandy ya daina ƙera TRS-80 samfurin farko a 1981 saboda ba ta cika sharaɗin ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin dillalin da ke sayen tsofaffin kwamfutoci ya sayar wa 'yan kasuwa. Zai ce injin ya riga ya ci gwaji, ga tambari a bayansa. Gaskiya ne, amma abin da aka gwada shi ne injin yadda ya fito daga masana'anta, da murfinsa na ƙarfe da wayoyinsa da na'urar ba shi wuta. Idan aka cire waɗannan aka saka na araha, tambarin yana shaida ne a kan abin da babu shi yanzu. Don haka dokar Amurka ta ɗora alhaki a kan wanda ya yi sauyin ba da izinin mai ƙerawa ba, kuma hakan daidai ne.

Wani zai ce gwaji na da tsada, ƙaramin dillali ba zai iya ba. Wannan kuka ne mai tushe, sai dai wanda ya bar injin yadda yake babu abin da ya hau kansa. Cewa "na kasuwanci ne" ma ba mafaka ba ce, domin takardar rukunin A ta faɗa ƙarara cewa wanda ya kunna shi a unguwa ya dami jama'a, shi zai gyara da kuɗinsa. Mu da shagunanmu ke manne da gidaje, dattawanmu na sauraron gajeren zango, ya kamata mu tambayi dillali abin da ya sauya kafin mu biya.