Koyon Kiɗan Jita da Hakkin Tsirkiyoyinmu na Gado

Tun kafin shekarar 2024, sa'ad da Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na ƙasar Nijar, ya fitar da faifansa mai suna Funeral for Justice, jaridun Turai da na Amurka ba su gushe ba suna kururuta shi, suna yi masa laƙabi da Jimi Hendrix na Sahara don kamanta shi da wancan gwanin jita, suna nanata cewa babu malamin da ya taɓa zaunar da shi. Kuma da wannan magana ta iso kunnen mutanenmu ta wayar hannu, sai ta haifar da fahimta iri biyu, kowacce gurguwa. Samari sun ɗauka kiɗan jita wata baiwa ce da ake wayar gari da ita, wanda bai samu ba sai ya dangana. Dattawa kuwa galibinsu suna ganin kayan Nasara ne tsantsa, wanda ba shi da dangi ko na nesa a ƙasarmu.

Abin da mafari yake bukata bai taka kara ya karya ba. Jita tana da tsirkiya shida, waɗanda ake ɗaurewa daga mai kauri zuwa siririya bisa muryoyin da ake kira mi, la, re, sol, si, mi, kuma a yau akwai manhajar waya da ke nuna wa mutum inda zai ƙara ɗauri da inda zai sassauta. A wuyanta an gitta ƙananan ƙarafa, mai koyo ya danna tsirkiya dab da bayan ƙarfen da kan yatsan hagu, ya kaɗa da dama. Idan ya mallaki kamun yatsu uku ko huɗu, ya iya sauyawa daga wannan zuwa wancan ba tare da kiɗan ya yanke ba, to, ya sami abin da zai raka waƙoƙi masu yawa da shi. Yatsu za su yi zogi na 'yan makonni kafin su yi kanta, musamman a kan tsirkiyar ƙarfe, shi ya sa ake shawartar mafari da ta nailan. Kuma rubu'in sa'a kullum ya fi yinin Lahadi guda a wata amfani. Sauran duk juriya ce da maimaici, kamar yadda almajiri ba ya wanke allo sai ya riƙe abin da ke kansa.

Amma batun cewa makaɗan Sahara ba su da malami, wannan magana ce da ke bukatar gyara. Gaskiya ne Mdou Moctar, wanda ya tashi a jihar Tawa cikin gidan da ba a maraba da kiɗa, ya haɗa jitarsa ta farko da kansa da katako da wayar birkin keke. Gaskiya ne kuma Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen ya fara ne da gwangwani da sanda, Bombino ɗan Agadas ya koya yana gudun hijira a Aljeriya bayan tawayen 1990, Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad kuma ta koya da jitar ɗan'uwanta. Sai dai waɗannan mutane, tun kafin hannunsu ya taɓa jita, kunnensu ya riga ya ƙoshi da gangar tende da gogen imzad da matan Abzinawa ke yi, wasunsu kuma sun sha sauraron kaset-kaset na magabata irin su Abdallah Oumbadougou. Saboda haka abin da suka yi shi ne ɗora kiɗan iyayensu a kan sabuwar tsirkiya. Ga wani abu kuma da jaridun waje ba su cika tsayawa a kansa ba: a Sakkwato Mdou Moctar ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da salon waƙoƙin finafinan Hausa a jikinsa, daga nan ya bazu waya zuwa waya a faɗin Sahel.

Wanda ya ce jita baƙuwa ce ƙwarai, ya kamata ya waiwayi tarihi. A shekarar 822 Miladiyya, Ziryab, mawaƙin da ya yi tarbiyya a Bagadaza, ya sauka birnin Ƙurɗuba na Andalus a zamanin Abdurrahman na Biyu, aka ruwaito cewa shi ya ƙara wa udu, molon Larabawa, tsirkiya ta biyar. Kuma Alfarabi, wanda ya rasu wajen 950, ya wallafa babban littafi a kan ilmin kiɗa, inda ya yi bayanin muryoyi da ma'aunansu a kan wuyan udu da lissafi irin na masana hisabi. Wannan udu shi ya ƙetara Turai ya haifi molonsu na dā, ya zauna ƙarnuka a Sifaniya tare da kakannin jita, har zuwa ƙarni na 19 da wani kafinta ɗan Almeriya, Antonio de Torres, ya fitar da siffar da muka sani yau. Haka nan banjon Amurka, masana sun tabbatar asalinsa daga molayen Afirka ta Yamma ne, waɗanda bayi suka tsallaka teku da iliminsu a ka.

Ba a ɓoye yake ba cewa malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa, jumhuri sun hana, Ibn Hazm na Andalus ya sauƙaƙa. Wannan mas'ala ce ta ma'abota fatawa, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne wani sakaci da ba ya bukatar fatawa. Muna da garayar maharba mai tsirkiya biyu, muna da molo, muna da gurmin da Haruna Uji ya shahara da shi, muna da goge da kukuma masu tsirkiyar izgar doki, muna da kuntigi, wanda marigayi Ɗanmaraya Jos ya zagaya duniya da shi alhali tsirkiyarsa ɗaya tak a kan gwangwani. To, tun rasuwarsa a 2015, yara nawa aka ji sun ɗauki kuntigi? Ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano da Kaduna sun koma ga fiyano da kwamfuta, masu sassaƙa waɗannan kayan suna tsufa babu magaji, mu kuwa muna tafa wa Abzinawa a kan abin da muke bari ya mutu a hannunmu.

Saboda haka ina kira ga hukumomin raya al'adu na jihohi, da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, da gidajen rediyo, su daina wadatuwa da gayyatar makaɗan gargajiya ranar biki kawai, a sallame su da ɗan abin goro. A naɗi kiɗansu, a rubuta yadda suke ɗaure tsirkiya, a haɗa su da yara masu sha'awa tun suna raye. Kai kuma saurayi da ka sayi jita, ko kake tara kuɗinta, kada ka jira baiwa ta sauko maka, kada kuma ka ɓata shekarunka kana kwaikwayon kiɗan wata ƙasa kaɗai. Ka ɗaure tsirkiyarka daidai, ka lazimci rubu'in sa'arka, sannan ka nemi tsohon mai gurmi ko garaya da ke garinku, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙe shi ya koya maka abin da ya sani.