Zafi, Sanyi da Ruwan Tafkin Madarumfa

Duk abin da ido ke gani, ƙarfe ne ko mai ko ruwa, ƙananan ƙwayoyi ne suka taru suka yi shi, kuma ƙwayoyin nan kullum cikin motsi suke. Zafi na ƙara musu motsi su buɗa, abin ya ƙara girma. Sanyi na rage motsin su matsu, abin ya tsuke. Shi ya sa rufin kwano ke yin ƙas-ƙas da hantsi in rana ta fara dukansa, wayoyin lantarki kuma su saki a watan Afrilu. Ƙarfe mai tsawon mita 100 yakan ƙaru da kusan santimita 3 da rabi in zafi ya hau da digiri 30.

In zafin ya kai wani mizani, sai abin ya sauya kama baki ɗaya. Manjan da ya daskare a kwalba da safiyar hunturu, da an ajiye shi a rana sai ya tsinke. Masu zubin tukwane na narkar da alminiyum a digiri 660. Baƙin ƙarfe kuwa sai ya haura 1,500, don haka maƙeri ba ya narkar da shi, zuga shi yake har ya yi ja ya yi laushi, sannan ya sa guduma.

Ruwa yakan daskare a digiri 0, ya tafasa a 100 a bakin teku. A Madarumfa, da yake ƙasar ta ɗan fi teku tudu, a wajen 99 yake tafasa. In ya zama tururi, girmansa kan ninka kusan sau 1,700, abin da ke ɗaga murfin tukunya ke nan.

Amma ba sai ruwa ya tafasa yake tashi ba, kuma tafkin Madarumfa shaida ne. Da damina Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi sukan cika shi har ya malala, daga nan sai ya yi ta ja baya, ya bar laka tana tsattsagewa a gaɓa. Ƙasa na shan wani, masu lambu na ɗibar wani, rana da busasshiyar iskar hunturu kuwa suna kwashe nasu a ɓoye, don a yankin Sahel ruwan da ke fili kan yi asarar wajen mita 2 na zurfi a shekara. Tashin nan yana tafiya da zafi. Randar ƙasa da ke gumi ta jikinta da haka take sanyaya ruwa, kuma a kan wannan ne Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta samo masa kyautar Rolex a 2000.

Wajen sanyi ne ruwa ya saɓa wa yawancin abubuwa. Yana tsukewa har zuwa digiri 4, daga nan sai ya koma buɗewa, in ya zama ƙanƙara girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Mai sayar da ƙanƙara ta san wannan ko ba ta shiga aji ba: ba ta cika leda fal, kwalbar gilashi kuwa in aka cika ta aka sa a firiza fashewa take. Da yake ƙanƙara ta fi ruwa rashin nauyi, a sama take tsayawa. A ƙasashen sanyi kamar Kanada saman tafki ne ke daskarewa, kifaye na ƙasa cikin ruwa mai digiri 4 har sanyi ya wuce.