"Mai Ƙwacen Madara": Asalin Zagin da Ya Manne wa Margaret Thatcher

Margaret Thatcher ta yi shekara 11 tana Firaministar Birtaniya, daga 1979 zuwa 1990. Ta yi yaƙi da Ajantina a kan tsibiran Falkland, ta karya yajin aikin masu haƙar kwal. Amma har ta rasu a 2013, da yawa daga cikin 'yan ƙasarta da wani suna daban suke tuna ta: mai ƙwacen madara.

Sunan ya riga mulkinta da shekara takwas, kuma tushensa na cikin ajin firamare. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1946, gwamnati ta soma bai wa kowane ɗan makaranta 'yar kwalbar madara kyauta kullum, kimanin mililita 190. Zamani ne na ƙarancin abinci, don haka iyaye talakawa suka ɗauki kwalbar nan a matsayin shaidar cewa hukuma ta san da zaman 'ya'yansu.

A 1970 Edward Heath ya kafa gwamnatin masu ra'ayin riƙau, ya naɗa Thatcher ministar ilimi. Baitulmali ya matsa wa ma'aikatu lamba su tsuke bakin aljihu. Da 1971 ta zo, sai aka yi dokar da ta janye madarar daga yara 'yan shekara 7 zuwa 11, in ban da waɗanda likita ya ce suna bukata. Kuɗin da aka yi tsimi bai wuce fam miliyan 9 a shekara ba, abin da bai taka kara ya karya ba a kasafin ƙasa.

Nan take gari ya ɗauka. 'Yan jam'iyyar Leba da jaridu suka laƙaba mata "Milk Snatcher", wato mai ƙwacen madara, kuma da yake ƙarshen sunan ya yi amo ɗaya da Thatcher, ko yaro na iya rera shi a filin wasa. Jaridar The Sun ta kira ta macen da aka fi ƙi a Birtaniya. Wasu ƙananan hukumomi, irin su Merthyr Tydfil a yankin Wales, suka yi kunnen uwar shegu da dokar, suka ci gaba da rabon madara na wani lokaci.

Sai dai zagin ya ɓoye rabin labarin. Gwamnatin Leba ta Harold Wilson ce ta fara wannan yanka a 1968, lokacin da ta hana ɗaliban sakandare madarar, kuma babu ministan da aka yi wa waƙa a kai. Abin da ya bambanta na Thatcher shi ne ƙananan yara ya taɓa, sannan mace ce mai 'ya'ya biyu, don haka masu suka suka zana ta a matsayin uwar da ta cire abinci daga bakin 'ya'yan wasu.

Tabon ya daɗe a jikin jam'iyyarta. A watan Agusta na 2010 ƙaramar ministar lafiya Anne Milton ta kawo shawarar soke madarar kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ranar da labarin ya fito, ofishin Firaminista David Cameron ya yi watsi da shawarar, tun wani ministan yana kan kare ta a gidan talabijin.