3.2 Auna Nauyin Aikin Kowane Zama a Rumbun Bayanai na Oracle

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda ake gano yawan aikin da kowane mai amfani yake ɗora wa rumbun bayanai. Abin da ake nufi da "zama" a nan shi ne tsawon lokacin da mutum ko manhaja suka yi a haɗe da rumbu, tun daga shiga har zuwa fita. Muhimmancin wannan awo shi ne, idan kwamfuta ta yi nauyi, jimillar aikinta ba ta nuna wanda ya jawo cunkoson. Mai kula da rumbu yana iya sayen sabuwar na'ura alhali tambaya ɗaya ce marar tsari take cinye ƙarfin tsohuwar.

3.2.1 Abubuwan da Ake Aunawa

Oracle yana ba kowane zama lamba, wadda ake gani a jadawalin V$SESSION, sannan yana tara ƙididdigarsa a V$SESSTAT. Manyan abubuwan da ake dubawa uku ne: lokacin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ɓata wa zaman, wanda ake ƙirgawa da kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa, yawan tubalan bayanai da zaman ya nema, da kuma yawan waɗanda sai da aka je faifai kafin a samo su. Na ukun ya fi tsada, domin karatu daga faifai ya fi na ma'ajiyar wucin-gadi jinkiri ƙwarai.

3.2.2 Hanyar Awo

Waɗannan alƙaluma taruwa suke yi tun daga farkon zama, don haka karatu ɗaya ba ya wadatarwa. Dole a karanta sau biyu a ɗebe na farko daga na biyu. Alal misali, a ɗauka wani zama ya nemi tubala 40,000 da ƙarfe 10:00, zuwa 10:05 kuma ya kai 340,000. Wato ke nan ya nemi 300,000 cikin daƙiƙa 300, ko kuma 1,000 a kowace daƙiƙa.

3.2.3 Matsalolin Wannan Hanya

Matsala ta farko ita ce, da zarar zama ya ƙare ƙididdigarsa takan ɓace, kuma ana iya ba wani lambarsa. Saboda haka ake haɗa lambar zama, wato SID, da SERIAL# don kada a ɗora wa wani aikin wani. A Oracle 10g, wanda ya fito a 2003, an shigo da tsarin ASH, mai ɗaukar hoton zaman da ke kan aiki a kowace daƙiƙa, ta yadda za a iya bibiyar abin da ya wuce.

Ta biyu kuwa, manhajojin intanet sukan buɗe zama kaɗan su riƙa karɓa-karɓa da su tsakanin mutane da yawa. A nan awon zama ba awon mutum ba ne, sai in manhajar tana rubuta sunan mai amfani a gurbin CLIENT_IDENTIFIER.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa awo ba ya inganta sai an tantance zaman da ake aunawa, da tazarar lokacin, da kuma mai amfani da shi. A kan waɗannan sharuɗɗa uku za a gina nazarin babi na huɗu.