Ko Ka San Abin da Ke Sauya Muryar Injin Honda a Tsakiyar Gudu?

Idan ka taɓa zama kusa da direba a tsohuwar Honda mai tambarin VTEC, ya samu miƙaƙƙiyar hanya tsakanin Isa da Sabon Birni ya ba ta wuta, to wataƙila ka ji abin da kunnenka. Allurar da ke ƙirga juyin injin tana hawa, ta wuce huɗu, ta haura biyar, sai kawai murya ta sauya. Gurnani ya koma kuwwa, motar ta ɗan zabura kamar dokin da aka taɓa da ƙaimi, alhali hannun direba bai kai ga giya ba. Abin da ya faru shi ne injin ya sauya yadda yake numfashi.

Injin mota iska yake shaƙa, ya gauraya ta da fetur, fulogi ya kunna, hayaƙi ya fita ta salansa. Ƙofofin da ke buɗe wa iska ta shiga, hayaƙi ya fita, su ne bawul. Mai buɗe su kuwa wani dogon ƙarfe ne mai ƙusumbi-ƙusumbi da makanikai ke kira kamshaf: duk juyin da ya yi, ƙusumbin ya danna bawul ya buɗe. Girman ƙusumbin ne ke yanke zurfin buɗewar da daɗewarta. Idan injin yana juyi 6,000 a minti, kowane bawul na shigar iska yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Ka ga ba wurin ɓata lokaci.

Ga inda gizo ke saƙa. Ka ɗauki ƙofar garke da yamma. Idan tumaki sun taho a guje, gara ka wangale ƙofar ka daɗe ba ka rufe ba, domin na baya suna tura na gaba, garken ya cika maƙil. Amma idan a hankali suke tahowa suna tsintar ciyawa, ka bar ƙofa a wangale, waɗanda suka shiga ma sai su juyo su fito. Haka iska take. A babban gudu ƙarfin tahowarta yana ci gaba da cusa ta cikin silinda ko da fistin ya fara dawowa sama. A ƙaramin gudu kuwa, bawul ɗin da ya daɗe a buɗe yana ba fistin damar koro iskar baya ta inda ta shigo. Shi ya sa a da sai dai masu ƙera injin su zaɓi ɗaya: ko ƙaramin ƙusumbi mai daɗin tuƙi cikin gari, ko babba na motar tsere, wadda ke kakkarwa idan tana tsaye.

Kamfanin Honda na Japan ya ƙi zaɓa. A 1989 ya fitar da motar Integra da injin B16A, aikin da injiniya Ikuo Kajitani ya jagoranta. Injin lita 1.6 ne kacal, amma yana ba da ƙarfin doki 160, wato doki 100 a kowace lita, ba tare da tobo ba. Dabarar, wato VTEC, ita ce kowane bawul biyu suna da ƙusumbi uku, kowanne da hannun ƙarfen da yake dannawa: ƙanana biyu a gefe, babba ɗaya a tsakiya. A ƙaramin gudu, babban yana juyawa ne a banza, hannun ƙarfen da yake dannawa ba ya haɗe da komai. Da juyi ya kai wajen 5,500 zuwa sama kaɗan, kwamfutar motar, wadda a gareji ake ce wa birenbos, sai ta buɗe wani ɗan famfo mai aiki da lantarki. Baƙin mai ya shigo da ƙarfi ya tura wata 'yar sakata, ta sarƙe hannayen uku su zama ɗaya. Daga nan duka bawul ɗin babban ƙusumbi suke bi. Sautin da ka ji ke nan.

Ba Honda ce ta fara wasa da lokacin buɗe bawul ba, Alfa Romeo ta Italiya ta riga ta tun 1980. VVT-i da ke jikin Corolla da Camry kuma wani abu ne daban: shi yana ɗan karkata kamshaf ne gaba ko baya a hankali, bai da wani wuri guda da yake “shiga”.

To me ya sa masu yi wa injin gyaran ƙarin ƙarfi ke son sauko da wurin da VTEC ke sauyawa? Dalilinsu na farko mai ma'ana ne. Kana cikin babban ƙusumbi ka sauya giya, juyi ya faɗo ƙasa da iyakar, sakata ta saki, motar ta yi sanyi har sai ta sake hawa. Na biyu, injin da aka sa wa hanyar iska mai faɗi da salansa mai sakin hayaƙi yana iya cin moriyar babban ƙusumbi da wuri. Shi ya sa a Amurka ake sake rubuta kwamfutar Civic Si samfurin 2006 zuwa 2011, wadda ke sauyawa a 5,800 daga kamfani, a dawo da ita wajen 4,500. Kamfanoni irin su Hondata sana'arsu ke nan.

Amma ga abin da yawancin masu sha'awar mota ba su son ji: zaburar nan da ake alfahari da ita alama ce ta cewa an makara. Kowane ƙusumbi yana da zangon da ya fi ƙarfi. Ƙaramin yana jan ragama a ƙasa, ƙarfinsa na raguwa yayin da juyi ke hawa, babban kuma nasa na ƙaruwa, har su haɗu a wani wuri. Nan ne ya dace a sauya, kuma idan an dace, jikinka ba zai ji wata zabura ba, sai dai kunne ya ji sauyin murya. Idan aka jinkirta, ƙaramin ya riga ya gaji, shigowar babban sai ta zo kamar naushi. Idan kuma aka yi gaggawa, misali aka sauko da shi 3,000 a injin da ba a taɓa komai nasa ba, an koma wangale garke ga tumaki masu tsintar ciyawa: ƙara ta yi yawa, ja ya ragu, fetur ya tafi. Gwanayen aikin kan ɗora mota a na'urar auna ƙarfi, su gwada ta a ƙaramin ƙusumbi zalla, su sake gwadawa a babban zalla, su duba inda layukan biyu suka gitta juna. Sannan dole a gyara ma'aunin fetur da lokacin tartsatsin fulogi a sabon zangon. Wanda ya ja waya kawai ya tilasta wa famfon buɗewa, kwamfuta tana ba da fetur da lissafin wancan ƙusumbin, iska tana shiga da lissafin wannan.

Kafin wani saurayi a Isa ya ce wa makanikensa, “Maigida, a sauko min da tawa,” ya fara duba wace Honda gare shi. Accord ɗin Amurka mai silinda huɗu samfurin 2003, wadda 'yan Najeriya suka raɗa wa End of Discussion, i-VTEC ɗinta na tattalin fetur ne. Ba ta da babban ƙusumbin tsere. A ƙaramin juyi bawul ɗaya na shigar iska ne ke buɗewa sosai, ɗayan ɗan tsaga kawai yake yi domin iskar ta shiga tana juyawa ta gauraya da mai. Da juyi ya haura dubu biyu da ɗoriya, biyun su haɗu. Ita tun a ƙasa take sauyawa, babu abin saukowa da shi.

A ganina, a ƙasar Gobir ba wurin sauyawar ne abin damuwa ba, baƙin mai ne. Direban da ke bin hanyar Gundumi ko ta Shinkafi a wannan zamani na 'yan bindiga ba don gayu yake son mota mai amsa totur ba. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40 yana tsinka mai, ga ƙurar hunturu, ga man awo da ake siya a bakin tasha ba a san asalinsa ba. Ita kuma sakatar nan ƙarfin mai kaɗai ke tura ta, kuma kwamfuta ba ta yarda ta buɗe famfon sai injin ya yi ɗumi. A gindin famfon akwai 'yar rariya da ba ta kai faɗin yatsa biyu ba. Idan dauɗar tsohon mai ta toshe ta, ko man ya ragu a injin, fitilar gargaɗi ta kama, motar ta riƙa fizga tana ƙin wuce juyi wajen dubu uku. Na'urar bincike takan nuna lamba P1259 a tsofaffin Honda, P2646 a na baya-baya. Sau da yawa maganin bai wuce a kwance kusoshi uku, a wanke rariyar ko a sa sabuwa, a juye man a zuba mai kyau ba.